Rigar Ambili da Na Wanke

Da sunan Allah na buɗe baki. Nanret ce ta fara gaya mini ko wace ce Ambili, ranar da na cika kwana huɗu a Doha. Nanret 'yar Pankshin ce, Kirista, nas ce a wani asibiti, ɗakinta yana kallon na 'yata Zuwera a gidan hayar da suke zaune a unguwar Mansura. Ni jegon Zuwera ne ya kawo ni daga Ringim, don mijinta Muttaka aikin gadi yake yi, ya fita da asuba sai magariba, ba mai dafa mata ruwan wanka. Gidan kuwa ba irin namu ba ne. Ɗaki biyar aka yanka da katako, kicin ɗaya, banɗaki biyu, kowa da yarensa.

Ina kicin ina dama kunun kanwa sai wata siririyar mace ta shigo, baƙa kamar mu, gashi har gadon baya. Ta ɗebi ruwa ta fita, ba ta dubi kowa ba. Na ce wa Nanret wannan wace irin mace ce da ba ta san gaisuwa ba.

Nanret ta ce 'yar Indiya ce, daga wani yanki na bakin teku da suke ce wa Kerala. Ubanta masunci ne, ruwa ya ci shi tana da shekara goma sha ɗaya. Uwarta ta riƙe su da aikin gyaran kifi, har ita Ambili ta yi karatun da take iya aiki da kwamfuta. Mijinta direban a-daidaita-sahu ne a can, ya yi hatsari ya karye a ƙugu, yana gida da 'ya'yansu mata biyu. Shekararta shida a Doha, tana aiki a wani babban sito na kayan asibiti a Sanaiya, unguwar masana'antu, ita ke duba auduga da allurai da safar hannu kafin a loda su a mota. Ita kaɗai ce mace a ofishin. Nanret ta ce da ba haka take ba, da ita ke cika kicin ɗin da waƙa, tana tura wa kowa abincinta mai ɗan karen yaji. Wata biyu ke nan ta zama haka.

Daga ranar na sa mata ido. Zuwera, ke ce mai rubutawa, ki rubuta yadda na faɗa, kada ki gyara mini hali. Na ga tana ɗaukar abinci ta shiga ɗaki, ta fito da shi yadda yake. Na ga ko ana wannan zafi nasu mai dafa mutum, rigarta mai dogon hannu ce. Abin da ya fi tsaya mini shi ne amai. Kullum da safe kafin motar aikinsu ta zo, ina alwala a banɗaki ɗaya ina jin kakarinta a ɗayan. Mace mai jini a jika, miji yana wata ƙasa, tana amai da safe. Ni na haifi takwas, zuciyata wuri guda ta tafi. Na gaya wa Zuwera, ta ce, "Inna, ki bar mutane da Ubangijinsu." Na ce na bar su, amma na ji an ce a ƙasar nan irin wannan magana tana iya jawo 'yan sanda cikin gida, mu kuma ga ɗanyen jego.

Sannan Ambili ba musulma ba ce. Na taɓa leƙawa ƙofarsu a buɗe, na ga wata 'yar fitilar mai tana ci a gaban hoto. Tun ranar in ta wuce kusa da jaririnmu sai na tofa masa Falaƙi da Nasi.

Wata Talata, da azahar, lokacin da ba ta saba dawowa ba, ta shigo a lulluɓe da mayafi, ta faɗa ɗakin Nanret. Na idar da salla ina zaune a kan sallaya a lungun firij, ba su gan ni ba. Ta tsagar ƙofa na hangi Nanret tana ɗaukar wuyanta da hannunta hoto da waya. Can Ambili ta fito da wata babbar ambulan ta takarda, ta waiga dama ta waiga hagu, ta taka kujera, ta tura ta saman kabad ɗin kicin, bayan buhun gerona da gwangwanin yajin jego. A kan abincin mai shayarwa.

Da yamma na tambayi Nanret. Ta ce, "Mama, ba naki ba ne, ba nawa ba ne. Ki sha kununki." Wannan amsa ita ta ƙara mini zargi, har ita Nanret ɗin ta shiga ciki. Na ce ma'aikaciyar asibiti ce, ko wani magani ta ba ta na rabuwa da abin da ke jikinta. In kuma ba haka ba, to asiri ne irin wanda ake yi wa mutane, don ban ga dalilin da mutum zai bar ɗakinsa ya kai ƙulli cikin hatsin wani ba. Kwana biyu ina daurewa. Jaririn kuma ya kama kuka ba dalili, nonon Zuwera ya ja baya, ni duk na ɗora a kan ambulan ɗin nan.

Ranar Alhamis kowa ya fita, Zuwera tana barci. Na taka kujera na sauko da ita. An yi rubutu a jikinta da jan biro, manya-manya. Ni ban yi boko ba, ko allon ma surorin da na haddace da ka kawai nake da su. Da na tashi Zuwera ta karanta mini da ta hana ni, na kuma san haka, shi ya sa ban tashe ta ba. Na yi bisimilla na buɗe da hannun hagu.

Rigar aiki ce shuɗiya. Ta yage daga kafaɗa zuwa ƙirji, maɓalli biyu sun fita, ga busasshen jini a wuyanta. Na zazzage ambulan ɗin, ba laya, ba gashi, ba ƙwayar magani. Kunya ta rufe ni ni kaɗai a kicin. Na ce baiwar Allah, ashe wani ƙarfe ne ya kama ta a wurin aiki, tana ɓoyewa don kada a ce ta yi sakaci, ni kuma ina nan ina ɗaura mata abin da ba ta yi ba. Na nemi gafarar Allah a kan zato. Sai na ce ba ni da yaren da zan ba ta haƙuri, amma ina da hannu.

Na jiƙa rigar a ruwan sanyi da gishiri, yadda ake yi wa jini. Na cuɗe ta da omo. Inda ya ƙi fita na ɗiga masa ruwan bilic. Na shanya a baranda, ranar Doha kuwa kafin la'asar ta busar da ita ƙarau. Na zauna na ɗinke yagar da ƙananan ɗinki, na ciro maɓalli biyu a tsohuwar rigar Muttaka na sa mata, na goge ta na ninke. Na ajiye a akwatina, ina jiran in miƙa mata hannu da hannu.

Washegari Juma'a, ba aiki. Da hantsi na ji motsi a kicin, ana jan buhu, ana sauke tukwane. Ambili ce a kan kujera, Nanret a tsaye, duk sun yi shirin fita. Na fito da fara'ata, riga a kan tafin hannuna biyu.

Ambili ta karɓa. Ta warware ta, ta juya wuyan, ta kai hanci ta shinshina. Sai ta zauna a ƙasa, nan kan tayil, rigar a cinyarta. Ba ta yi kuka ba. Da ta yi kuka da ya fi mini sauƙi.

Nanret ta ce, "Mama, me kika yi?"

Na ce, "Wanki na yi mata. Laifi ne?"

Ta ce, "Jinin nan ba nata ba ne."

A nan tsaye ta warware mini komai. Manajan siton, ɗan ƙasar su Ambili ne ma, mai mata da manyan 'ya'ya, wata biyu yana bin ta. Ya fara da magana, ya koma tsayawa a bayan kujerarta, ya koma kai hannu. Ya canza mata lokacin cin abinci don ta zauna ita kaɗai a ofis in maza sun fita da rana. Ya ce in ta buɗe baki zai gaya wa kamfani kaya suna ɓacewa a hannunta, zai kuma buga wa mijinta waya ya ce ita ke binsa. Aman da nake ji tsoro ne. Nanret ta ce ta sha ganin haka a asibiti, jiki yana ƙin wurin da ake cutar da shi tun kafin a isa. Ranar Talatar ya kulle ƙofa ya shaƙo wuyan rigarta, ita kuma ta gantsara masa cizo a hannu har sai da ya sake ta, ta buɗe ta gudu.

Nanret ce ta ce kada ta wanke rigar, kada ta sa a leda, ta sa a takarda, domin likitocin gwamnati suna iya gane jinin wane ne. Rubutun da ke jikin ambulan ɗin cewa ya yi kada a taɓa. A kicin ta ɓoye saboda ɗaya daga cikin matan ɗakinsu mijinta a kamfanin yake aiki. Kwana ukun nan kuwa Nanret lallashinta take yi. Ambili ta ce a ƙasarsu akwai doka, wurin aiki in ya kai mutum goma sai an kafa kwamitin da mace ke shugabanta don irin wannan ƙara, kuma duk da haka mata suna jin tsoro. Balle nan da ba ta san wace ƙofa za ta buga ba. Sai ranar Juma'ar ta yarda za ta je wurin 'yan sanda, don tana da rigar.

Sun tafi duk da haka. Aka rubuta maganarta, aka tura ta wurin likitan gwamnati. Shatin wuyanta ya riga ya fara komawa rawaya. Likita ya rubuta cewa alamar yatsu ce, amma takarda ba ta faɗin yatsun wa. Da aka kira manajan ya ce ko mayafinta bai taɓa taɓawa ba, ƙarya take yi don an kama ta kaya ba su cika ba. Kamfanin kuma ya kai takardar hakan. Magana ta zama tasa da tata. Nanret ta ce in tasa ta tsaya, za a sa Ambili a jirgi da sunan ɓarauniya, labarin kuma zai riga ta isa garinsu, ga 'ya'ya mata biyu.

Ran Lahadi da la'asar wani mutum ya buga ƙofa, sanye da rigar ofis, da kwalin alawa a hannu. Zuwera ce ta yi mana tafinta. Ya ce shi mai son zaman lafiya ne, yana tambayar lafiyar Ambili. Ni tun daga yadda yake leƙen bayana na ƙi shi, na ce a raina ɗan aiken manajan ne. Sai ya fara tambaya ko maza suna zuwa wurinta, ko tana dawowa a kan lokaci, ko a matsayina na babba na lura da wani canji a jikinta. Na ga tambayoyinsa su ne tunanina na makon jiya, ba ragi. Da ya zo kwana goma kafin nan da na cika masa kunne. Na ce Zuwera ta gaya masa ni tsohuwa ce, idona ba ya gani sai gero. Alawar ma na ce ya tafi da ita, muna da ciwon suga a gidan.

Daren ban ci abinci ba. Da safe na ce zan je in faɗi abin da na gani a rigar. Muttaka ya tsaya daga bakin ƙofa, kansa a ƙasa, don yaro ne mai kunya, ya ce, "Inna, bizar ziyara gare ki. Nan ba Ringim ba ce, in suka riƙe ki ban san wa zan kama ba." Har na fara zargin ko kamfaninsu na gadi yana da hulɗa da siton, ko wani ya yi masa magana. Na tambaye shi kai tsaye, ya rantse ba haka ba ne, tsoro ne kawai. Na ce ni ma tsoron nake ji, amma hannun nan da ya yi wankin da shi za a tashe ni.

Nanret ta ɗauki hutu ta kai ni ofishin masu binciken ƙara. Aka kawo wani Basudane mai jin Hausa ya yi tafinta. Ban yarda da shi ba, don sai in yi doguwar magana ya juya ta da kalma huɗu. Na ce, "Ɗan nan, na ba ka zani ka miƙa ɗankwali. Ina sauran?" Ya yi dariya ya gaya wa mai binciken, shi ma ya murmusa, ya ce a faɗi komai yadda na faɗa.

Murmushin bai daɗe ba. Mai binciken ya tambaye ni wa ya sa ni wanke rigar. Na ce ba kowa. Ya tambaya ko na san manajan, ko wani ya ba ni wani abu, ko wani ya nuna mini inda ambulan ɗin take. Sau uku yana dawowa kan maganar ta hanya daban-daban, yana kallon idona. Ya ce tsohuwa ba ta hawa kujera ta sauko da kayan wani haka kawai. Ashe ni ake zargi an saya. Dole na faɗi gaskiyar da na so in rufe, cewa ciki na zarge ta da shi, da asiri. Na faɗa a gaban Nanret, kuma na san zai koma kunnen Ambili.

Sai ya ce to me na gani. Na ce shekara hamsin ina wanki, na wanke jinin haihuwa, na wanke na yanka, na wanke na haɓo. Jinin da ya fito daga jikin mai riga ta ciki yake kama yadi, can ya fi kauri. Wannan ta waje yake, da ƙyar ya ratsa. Kuma ba ɗigo ba ne, shatin yatsu ne, huɗu a jere a saman wuyan rigar, babban yatsa ta ƙasa. Na ce a lokacin ban tsaya na yi tunani ba, kunya ta rufe mini ido, amma hannuna ya cuɗa wurin, ya san shi. Ya tambaya wane gefe. Na kama wuyan rigata ta hagu. Ya miƙo hannunsa na dama daga inda yake zaune yana auna, ya daɗe yana rubutu.

Da aka zo sa hannu aka kawo tawada in dangwala yatsa. Na ce ba zan dangwala a kan abin da ban ji ba, rubutun da ban karanta ba ya riga ya kai ni ya baro. Basudanen ya karanta mini. Na ce ya sake daga farko, ina sauraro ko na biyun zai bambanta da na farkon. Bai bambanta ba. Na dangwala.

Bayan kwana biyu aka tura manajan wurin likita. Hannunsa na dama a naɗe yake, ya ce wuƙar yanka kwali ce ta yanke shi. Likita ya kwance ya rubuta cewa haƙoran mutum ne. Sun karɓi rigar ma sun kai ɗakin gwaji, Nanret ta ce wani lokaci akan sami ragowa a cikin ɗinki. Ba a samu komai ba, wankina ya fita tas. Kamfanin ya janye maganar ɓatan kaya, suka dakatar da mutumin, aka kuma hana shi fita ƙasar sai an gama. Amma ya canza magana, ya ce faɗa suka yi a kan aiki ta cije shi. Wata lauya 'yar ƙasarsu da ke taimaka wa Ambili ta ce da jininsa yana wuyan rigar da ba shi da wannan mafita, yanzu sai an ja.

Mako uku Ambili ba ta dube ni ba. In na shiga kicin ta fita. Ban ga laifinta ba, ta ji abin da na zarge ta da shi. Ranar da za ta tashi daga gidan ta tsaya a ƙofarmu da jakarta, ta yi magana, Nanret ta juya mini: "Ta ce ba ta riƙe ki ba, Mama. Amma ko wuta kika ga tana cin kayanta, ki kira ta, kada ki kashe." Na ce na ji, na kuma karɓa. Ta shafa kan jaririn, ban tofa komai ba.

Yanzu tana unguwar Rayyan, a gidan da mata zalla ke haya. An ba ta izinin canza wurin aiki, tana wani kantin magani tare da mata uku. Aman ya tsaya, amma barci bai dawo daidai ba, duk Talata tana ganin likitar da ke kula da damuwa, ana ba ta ƙwaya. Ta gaya wa uwarta, ba ta gaya wa mijinta ba tukuna, ta ce sai alƙali ya yi magana. Mutanen manajan suna ta bugo mata waya ta janye, ita kuma duk wanda ya bugo tana naɗar muryarsa ta tura wa lauya. An sa musu ranar zama a watan gobe. Nanret ta ce jiya ta gan ta a tashar jirgin ƙasa da safe, da takardunta a jaka, za ta kai wa lauyar kafin ta wuce kanti.